Notis ɗin da PHP ke bayarwa kafin ya cire tsohon umarni

Shafin intanet kan yi shekara da shekaru yana aiki lafiya lau, ba wanda ya taɓa shi, sai rana ɗaya a wayi gari wasu layukan Turanci sun yi cirko-cirko a samansa, kowanne ya fara da Deprecated ko Warning. Abin da ke fara zuwa wa mai shafin a rai shi ne an yi masa kutse. Galibi ba haka ba ne. Kamfanin da ke ba shi hayar sabar ne ya ɗaga PHP zuwa sabuwar siga, ita kuwa tana ɗaga murya a kan abubuwan da tsohuwar ke kawar wa kai.

PHP yare ne na rubuta manhaja da Rasmus Lerdorf ya fitar a 1995. Da shi aka gina WordPress, mai ɗauke da fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya, da shi kuma aka rubuta MediaWiki, wadda Wikipedia ke tafiya a kanta, har da ta Hausa. Yaren da jama'a suka dogara da shi haka ba ya canza hali dare ɗaya. Masu kula da shi sai sun kaɗa ƙuri'a, kuma sai kashi biyu cikin uku sun amince. Duk da haka dole wani lokaci a zubar da tsohon kaya, don akwai umarnin da aka gina a kan kuskure tun asali, akwai kuma wanda ke buɗe wa ɓarayin bayanai ƙofa.

Mafitar da suka samo ita ce ba da wa'adi, kamar yadda maigida ke ba ɗan haya notis kafin ya tashe shi. A siga ta 5.3, shekarar 2009, aka shigo da wani rukunin gargaɗi na musamman, wato Deprecated, mai cewa wannan umarni yana aiki yau, amma kwanansa ya kusa ƙarewa. Umarnin ereg ya sha wannan gargaɗi shekara shida. Tsofaffin umarnin mysql, waɗanda shafuka bila adadin ke magana da rumbun bayanansu da su, an fara yi musu nasu a siga ta 5.5 a 2013. Da 7.0 ta fito a Disamban 2015 sai aka cire duka biyun. Wanda ya yi kunnen uwar shegu da gargaɗin, ranar da aka ɗaga sabarsa shafin ya tsaya cak.

Wasu gargaɗin ma asirin manhajar suke tonawa. A ce wani ya rubuta wa makaranta manhajar sakamakon jarrabawa, ya tanadi gurbi mai suna maki a bayanan kowane ɗalibi. A wani layi hannunsa ya zame ya rubuta makki. Tsohon PHP ba zai ce uffan ba. Zai ƙirƙiri sabon gurbi da wannan suna, ya zuba 78 ɗin yaron a ciki, gurbin gaskiya kuma ya zauna wayam. A buga takarda, uba ya ga ɗansa ba shi da komai a lissafi, a yi ta neman laifin malami. Siga ta 8.2 da ta fito a 2022 tana nuna sunan fayil da lambar layin da aka yi wannan zamewa, kuma an tsara cewa a PHP 9 aikin zai tsaya ne gaba ɗaya.

Ba na raina kukan masu ƙorafi. Da 8.1 ta fara gargaɗi a kan miƙa wa umarnin yaren gurbin da babu komai a cikinsa, tsofaffin manhajoji sun cika fayilolin rahoto maƙil, alhali suna aikinsu daidai. Mai ƙaramin shago da wanda ya gina masa shafi ya daɗe da barin sana'ar, da kuɗin wa zai gyara? Sai dai a duba abin da ya faru da Python, wani yaren rubuta manhaja. Siga ta 3 ta fito a 2008 ta raba gari da ta 2 kai tsaye, har umarnin print ya canza salo, mutane suka ƙi ƙaura. An so yi wa ta 2 ritaya a 2015, ala tilas aka ɗage zuwa 1 ga Janairun 2020. Gara a yi ta damun mutane kaɗan-kaɗan.

Inda ake tafka kuskure shi ne wajen yin shiru da gargaɗin. Kashe display_errors, saitin da ke nuna gargaɗin a fuskar shafi, a shafin da jama'a ke shiga daidai ne, don saƙon yana fallasa wa kowa sunayen fayiloli da inda suke. Amma a bar log_errors, mai rubuta gargaɗin a fayil, a kunne, a kuma riƙa buɗe fayil ɗin ana karantawa. Da yawa sukan toshe duka biyun, ko su manna alamar @ a gaban umarni, su ce sun gyara.

Canjin da ya fi ba ni tsoro shi ne wanda ba ya magana sam. A PHP 7, in ka tambaya ko 0 daidai yake da kalmar "abc", amsar ita ce e. A 8.0, wadda ta fito a Nuwamban 2020, amsar ta koma a'a, kuma babu saƙo ko ɗaya da ke sanar da hakan. Manhajar da ke yanke hukunci a kan irin wannan kwatance za ta bi wata hanya daban cikin natsuwa. Shi ya sa kafin a ɗaga siga ake kwafe shafin zuwa sabar gwaji, a kunna dukkan gargaɗi, a karanta takardar canje-canjen da ke fitowa tare da kowace siga, sannan a bi shafin da hannu, daga rajista har biyan kuɗi, ana kwatanta sakamakon da na da.