Lissafin Ribar Ƙarfi a Sauƙaƙan Na'urori: Misalai daga Dutsin-Ma da Kurfi

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin da ya taso a Kurfi ko Dutsin-Ma ya san baro, ya san kurar rijiya, wataƙila ma ya ga jigo a fadama. Sai dai da zarar ya shiga ajin kimiyya, ana gabatar masa da waɗannan kayan aiki cikin baƙin kalmomi, ya haddace ƙa'ida ba tare da ya gane ta a hannun mahaifinsa ba. Wannan maƙala tana bayanin yadda ake lissafa taimakon da sauƙaƙan na'urori ke bai wa mai aiki, tare da ba da shawarar a kira wannan adadi “ribar ƙarfi”.

2.0 Ma'ana da Ƙa'ida

Ribar ƙarfi ita ce sakamakon raba nauyin kaya da ƙarfin da aka sa wajen motsa shi. A na'urar da ke juyawa a kan madogara, ana samun adadin ta hanyar raba nisan hannu daga madogara da nisan kaya daga madogara. Masanin Girka Arkimidis, wanda ya rasu a shekara ta 212 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), shi ya kafa hujjar wannan ƙa'ida. Littafin Hiron na Iskandariyya kuwa, wanda ya jera sauƙaƙan na'urori 5, ya iso gare mu ta fassarar Larabci da Ƙusɗa bin Luƙa ya yi a ƙarni na 9. Ashe tun farko fassara ce ta raya ilimin.

3.0 Misalan Lissafi

3.1 Baro: A ƙaddara lebura a kasuwar Dutsin-Ma ya ɗora buhun siminti 3, wato kilo 150. Madogara ita ce taya. Idan kayan na nisan santimita 40 daga tsakiyar taya, mariƙi kuma na nisan santimita 120, ribar ita ce 120 ÷ 40 = 3. Hannuwansa na ɗauke da nauyin kilo 50 kawai, ban da nauyin baron.

3.2 Gangare: Idan aka jingina katako mai tsawon mita 4 a bayan motar da tsayinta mita 1 ne, ribar ita ce 4 ÷ 1 = 4. Ganga mai kilo 200 za ta buƙaci turin kilo 50, amma za a tura ta mita 4 maimakon a ɗaga ta mita 1.

3.3 Kurar rijiya: Gargare guda da aka kafe a saman rijiya ribarsa 1 ce. Bai rage nauyin guga ba. Ya dai juya alƙiblar ja, ta yadda mai ɗiba zai ja ƙasa da taimakon nauyin jikinsa.

3.4 Jigo: Kafin yaɗuwar injin ban-ruwa, da jigo masu noman rani suke shayar da lambu. Idan ɓangaren guga mita 3 ne, ɓangaren curin laka kuma mita 1, ribar ita ce 1 ÷ 3. Sai curi mai kilo 60 ne zai rinjayi guga mai kilo 20 har su daidaita. A madadin haka, duk saukar curin ta mita 1 tana ɗaga guga mita 3.

4.0 Kammalawa

Misalin jigo ya nuna dacewar kalmar “riba”, domin Bahaushe ya san inda ake riba ana faɗuwa. Adadin da ya haura 1 riba ce a ƙarfi, faɗuwa a nisa. Wanda ya gaza 1 kuwa akasin haka ne. Na'ura ba ta ƙirƙirar aiki, musaya take yi tsakanin ƙarfi da nisa, gogayyar sassa kuma kan cinye wani kaso, don haka ribar zahiri ba ta kai ta lissafi.

Garin da ke da Jami'ar Tarayya tun 2011, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita mai horar da malamai, wuri ne da ya dace a gwada waɗannan kalmomi a aji. Ya kamata masana Hausa da malaman kimiyya su tattara sunayen sassan jigo daga bakin tsofaffin manoman rani tun suna raye, su gina keɓaɓɓun kalmomin fannin a kansu.