Sana'ar Buga Ƙananan Littattafai: Bayani Ga Hakimai Da Malamansu

An yi wannan takarda domin Hakimai da malamansu na ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun su san yadda mutum zai rubuta ɗan littafi, ya buga da kuɗinsa, ya sayar, ba tare da ya bar aikinsa ba. Sana'a ce mai kyau, amma wanda ya shige ta ba lissafi yakan fita da bashi.

Asalin Sana'ar

A dā buga littafin boko na Hausa aikin hukuma ne. An kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya a 1945, aka yi hukumar NORLA wadda ta buga ƙananan littattafai na Yaƙi da Jahilci har aka rufe ta a 1959, sa'an nan aka kafa kamfanin NNPC a 1966. Daga 1980 zuwa gaba takarda ta yi tsada, kamfanoni suka ja baya, sai marubutan Kano suka shiga bugawa da kansu. Cikinsu akwai Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino. Tun kafin su ma, malamai na rubuta waƙoƙin ajami da hannu, a kai maɗaba'a a ɗauki hotonsu, a sayar a ƙofar masallaci. Watau wannan hanya ce wadda aka riga aka taka.

Abin Da Za A Rubuta

Littafin da ke tafiya shi ne wanda ya biya wa mutanen wurin bukata. Tun da aka gama madatsar Bakolori a 1978 noman rani ya zama abin dogaron ƙasar nan, saboda haka bayanin noman shinkafa ko ajiyar albasa ba zai rasa mai saye ba. Haka kuma tarihin gari da jerin sarakunansa, wanda malamin Hakimi ya fi kowa sanin inda za a samo shi. Kada a ce wayar hannu ta kashe takarda. A watan Satumba 2021 an yanke layukan waya a Jihar Zamfara makonni da dama saboda 'yan bindiga, amma littafin da ke aljihu bai daina karantuwa ba.

Lissafi Kafin Bugu

Falle ɗaya na takarda in an ninka shi yana ba da shafi 4, don haka littafi mai shafi 32 falle 8 ne, ban da bango. Lalle ne mutum ya tambayi kuɗin bugu a wuri biyu ko uku, a Gusau ko Sakkwato, ya haɗa da kuɗin mai buga rubutun a kwamfuta, da kuɗin mota, da ladan mai talla. Sa'an nan ya yanka farashi yadda in rabin littattafan sun fita uwar kuɗi ta dawo. Misali, wanda ya buga 200, ya kamata cinikin 100 ya biya dukan abin da ya kashe. Gara a buga kaɗan su ƙare a sake, da a buga dubu gara ta cinye su a ɗaka. Kada kowa ya sayar da hatsin gidansa don wannan.

Sayarwa

Kasuwar Talata Mafara tana ci ran Talata, kuma akwai ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau a garin. Yawancin asara kuwa wajen ba da kaya bashi take zuwa. Duk wanda aka ba littattafai ya sayar, a rubuta sunansa da yawansu da ranar biya, ya sa hannu.

Abin Da Doka Ta Ce

Hukumar Laburare ta Ƙasa ce ke ba da lambar ISBN, kuma dokarta ta 1970 ta wajabta wa mai bugawa ya ba ta kofi 3 na kowane littafi. Kwashe aikin wani a buga ba izninsa laifi ne, haka kuma ɓata sunan mutum.

Abin Da Ake Roƙon Hakimai

Hakimi ba shi da ikon hana bugu, amma shawararsa tana da nauyi. In an kawo masa littafi, ya sa malaminsa ya duba sunaye da shekaru, musamman inda aka taɓa iyakar ƙasa ko gadon sarauta. A irin halin da ƙasar nan take ciki, layi ɗaya da ya zargi wata kabila ko wani ƙauye yana iya jawo abin da ba a iya gyarawa. Ya kuma tambayi marubucin ko ya yi lissafinsa. Wanda ya yi, a ƙarfafa masa gwiwa. Wanda bai yi ba, a ce ya koma ya yi tukuna.