Ƙafar Keken Mai Jiki

Mutane da yawa a Gama, cikin Kano, suna hawan keke kowace safiya zuwa aiki a Bompai ko kasuwar Sabon Gari. In kai mai jiki ne, kada fenti ya ruɗe ka wajen sayen keke. Fara duba ƙafar baya, gama ita ce ke ɗauke da yawancin nauyinka.

Ƙarfin ƙafa yana ga wayoyinta. Ƙidaya su. Keken Raleigh na dā, ƙirar Ingila, waya 32 gare shi a gaba, 40 a baya. Kada ka yarda da ƙafar baya wadda wayoyinta ba su kai 36 ba.

Matsa wayoyin biyu-biyu da yatsu, ka ji ko duk a ɗaure suke. Sa'an nan ɗaga keken, ka juya ƙafar. In tana tangaɗi, bar ta.

Kullum ka buga wa taya iska ta yi tauri, don kada rami ya lanƙwasa ƙafar. In waya ɗaya ta tsinke, kai wa mai gyara ran nan, tun sauran ba su bi ta ba. Waya ɗaya araha gare ta. Sabuwar ƙafa kuwa sai an ji a aljihu.