Fotasiyom a cikin jini: sakamakon da ba ya jiran gobe

A watan Agusta na shekarar 2018, hukumar kula da asibitocin Ingila ta aika wa likitocinta takardar gargaɗi, bayan da ta gano cewa cikin shekara 3 an kawo rahoton majinyata 35 da zuciyarsu ta tsaya a lokacin da sinadarin fotasiyom ya yi yawa a jininsu. Magani kuwa yana nan a asibitocin. Abin da ya ci su shi ne jinkiri.

Fotasiyom wani gishiri ne da jiki ke samu daga abinci, kamar ayaba, dabino, dankali da tumatir. Da shi tsoka ke motsi, da shi zuciya ke bugawa daidai, ƙoda kuma ita ke fitar da rararsa ta fitsari. A jinin mai lafiya ma'auninsa yana tsakanin 3,5 da 5. In ya kai 5,5 ya haura ƙa'ida; in ya kai 6,5, rai yana bakin rijiya. Muguntar abin ita ce sau da yawa ba ya nuna alama. Wani yakan ji kasala ko faɗuwar gaba, wani kuwa yana cikin hira zuciya ta tsaya.

Masu ciwon ƙoda, masu ciwon sukari da masu ciwon zuciya su ne a sahun gaba. Wasu magungunan hawan jini, irin su kaftofiril da sifironolakton, suna riƙe wannan gishiri a jiki. Haka ma diklofenak da ibufurofen, waɗanda ake saye a tebur cikin kasuwa domin ciwon jiki.

Ƙa'idar likitoci tana da matakai. Da zarar laboratuwar ta ga ma'auni mai hatsari, wajibi ne ta sanar da likita baki da baki, kada a bar takarda cikin fayil har wayewar gari. Nan take a ɗauki zanen bugun zuciya. In ya nuna canji, sai a yi allurar kalsiyom ta jijiya, wadda ke kare zuciya cikin mintoci kaɗan, amma ba ta rage fotasiyom, kuma ƙarfinta ba ya wuce awa 1. Bayan nan a ba da insulin awo 10 tare da sukari giram 25, domin tura gishirin cikin ƙwayoyin jiki. A nan ma akwai tarko: insulin na iya kayar da sukarin jini, don haka dole malamin asibiti ya riƙa auna shi na tsawon awoyi. Mataki na ƙarshe shi ne fitar da gishirin daga jiki, in ta kama har da wankin ƙoda, tare da dakatar da maganin da ya jawo matsalar.

Wani lokaci jinin da ya daɗe a kwalba, ko aka ɗebe shi da wahala, yakan ba da ma'aunin ƙarya. Sai a sake awo da gaggawa, amma in zanen zuciya ya riga ya canza, ba a tsayawa jiran sakamako na biyu.

Iyalin majinyaci ma suna da nasu aiki: su kawo wa likita dukan magungunan da yake sha, har da na tebur da na gargajiya, su kuma tambayi sakamakon awo tun ranar da aka ɗebi jini.