Electric Football: Dalilin Da Ya Sa Ɗan Wasa Ke Gudu A Wani Fili, Ya Yi Ta Juyi A Wani

Duk mai wayar hannu ya san abin da ke faruwa idan aka ajiye ta a kan teburin gilashi tana jijjiga: sai ta riƙa jan ciki a hankali, in ba a lura ba ta faɗo ƙasa. A ɗora wannan wayar a kan katifa, ko motsi ba za ta yi ba. Injin da ke cikinta bai canja ba, abin da take kwance a kai ne ya canja. A Amurka akwai wasan tebur da aka gina kacokan a kan wannan ɗabi'a, sunansa Electric Football, kuma ya haura shekara 70 ana buga shi.

Kamfanin Tudor na birnin New York ne ya fito da shi a 1949, ƙarƙashin jagorancin Norman Sas. Kwaikwayon ƙwallon Amurka ne, wadda ake rungumar ƙwallo a ruga da ita, ba irin ta Firimiya ba. Filin farantin ƙarfe ne da aka zana wa layuka, a ƙarƙashinsa akwai ɗan inji mai girgiza shi. Ana jera 'yan wasa na roba 11 a kowane ɓangare, a kunna wuta, fili ya ɗauki ƙugi, su kuma su fara tafiya da kansu. A 1967 kamfanin ya samu lasisin gasar NFL, 'yan wasan suka fara fitowa da rigunan ƙungiyoyi na gaskiya. A yau manyan mutane ne suka riƙe wasan, suna kiran kansu koci, suna shirya gasa, har da ƙungiyarsu mai suna Miniature Football Coaches Association.

Sirrin yana ƙarƙashin takalmi

Ɗan wasan kansa gunki ne, ba ya yin komai. Aikin duka yana wurin ɗan farantin robar da yake tsaye a kai, wanda za a iya kira takalminsa. A ƙarƙashin takalmin akwai siraran haƙora na roba, a karkace suke, bakinsu na kallon baya. Idan fili ya taso, haƙori yakan lanƙwashe ya kama ƙasa ya tura jikin gaba. Idan fili ya sauka, nauyi ya ragu, haƙorin ya miƙe ya zame ya sake sabon zama. Wannan na maimaituwa sau da yawa a daƙiƙa guda, ido kuwa tafiya kawai yake gani. Masu haɗa 'yan na'urori a gida sun san dabarar: kan buroshin goge baki, injin jijjigar tsohuwar waya da ƙaramin batir, sai ga abu yana yawo a kan tebur.

Akwai takalmi mai haƙora a kafe, akwai kuma samfurin TTC na Tudor mai ɗan faifai a gaba, wanda ake murzawa don a sa ɗan wasa ya karkata hagu ko dama. Kocin da ya ɗauki abin da gaske ba ya barin takalmi yadda ya fito daga kwali. Yakan matse haƙora da filaya su yi faɗi, ya ɗan gasa su da laita, ya datse gefe, wani har dafa takalman yake yi a ruwan zafi. Wani takalmin a gyara shi don gudu, wani don ƙarfin ture abokin karo.

Matsalar ita ce duk wannan wahala ana yin ta ne a kan fili guda, na gida.

Abin da fili ke yi wa haƙori

Tafiyar nan ta dogara ne a kan bambanci tsakanin lokacin da haƙori ya kama da lokacin da ya zame. Fili mai sheƙi da santsi yana rage kamun. Takalmin gudu mai siraran haƙora zai iya jin daɗinsa, amma na ƙarfi yakan rasa abin dogarawa, a yi karo ya yi ta zamewa baya kamar mai sabon silifas a kan jiƙaƙƙen tayil. Fili mai ɗan kaushi kuwa yana ƙara kamu, masu ture-ture su samu ƙarfi, sai dai duk wani ɗan bambanci tsakanin haƙorin hagu da na dama zai fito fili. Wanda ya fi kamu ya ja ɗan wasan gefensa, maimakon ya miƙe sai ya shiga zagaye wuri ɗaya. Wannan juyin shi ne abin da Amurkawa da yawa suka fi tunawa game da wasan tun suna yara, kuma galibi ɗan wasan suke ɗora wa laifi, alhali rabin laifin na fili ne.

Sai kuma shimfiɗa. Koci da yawa na sayen shimfiɗar roba da aka buga wa tambarin ƙungiyarsu, wasu masu maganaɗisu a baya, su ɗora a kan ƙarfen. Tana da kyau a hoto, amma abu biyu take canjawa lokaci guda: fatar da haƙori ke takawa, da ƙarfin girgizar da ke isowa sama, domin ƙarin nauyi da laushi suna shanye wani kaso. Koci zai ƙara wa inji wuta don ya rama, daga nan 'yan wasa marasa nauyi su fara tsalle suna faɗuwa. Ba zai ƙara musu nauyi yadda ya ga dama ba, tun da gasa na ƙayyade nauyi, kuma giram 4 na cikin iyakokin da aka fi sani.

Abin da ya fi ban sha'awa shi ne ko a fili ɗaya girgiza ba daidai take ko'ina ba. Wani Bajamushe, Ernst Chladni, ya nuna haka tun 1787: ya barbaɗa yashi a kan farantin ƙarfe ya sa shi rawa, yashin ya gudu daga inda rawar ta yi ƙarfi ya taru a layukan da ba sa motsi. Filin Electric Football faranti ne irin wannan. Yana da wuraren da suka mutu, inda ɗan wasa mai gudu zai iso ya yi sanyi, yana da inda ya yi zafi, yawanci kusa da inji. Kaurin farantin, yadda aka ɗaure shi a firam, da ma teburin da aka ɗora shi, duk suna sauya wannan taswira. Shi ya sa manyan filayen gasa, masu faɗin ƙafa 2 da tsawon ƙafa 4, wasu ake sa musu inji fiye da ɗaya.

Injin ma iri biyu ne. Tsofaffin filaye na amfani da maganaɗisun lantarki da ke bugun ƙarfen bisa saurin wutar gida, ana juya ɗan maɓalli a rage ko a ƙara ƙarfin bugun. Sababbi da yawa na amfani da inji mai juyi da ɗan nauyi a gefe guda, irin wanda ya daɗe yana sa wayoyi jijjiga, kuma batir ya ishe shi. Wanda ya ci karo da tsohon samfuri a intanet ya sani cewa an ƙera shi ne don wutar Amurka mai bolt 120, soket mai bolt 230 zai ƙona shi.

A nan ne abin ke zama asara ta gaske. Mutum ya kwashe watanni yana gyaran takalma, ya biya kuɗin tafiya zuwa gasa a wata jiha, ya tarar da fili mai wata fata da wani inji daban, ɗan wasan da ya fi dogara da shi ya nufi gefen fili. Ƙwararru kan bi ta hanya mafi sauƙi: su tambayi irin filin da za a buga a kai tun kafin ranar, su yi gyaransu a kan irinsa, su kuma tafi da takalman canji. Kafin wasa sukan goge fili, saboda ƙura da maiƙon hannu kaɗai sun isa su sauya kamu, sannan su duba ko teburin a daidaice yake. Manhajar awon lebur da ke cikin waya tana yin wannan aikin. Gwaji na ƙarshe shi ne a saki ɗan wasa ɗaya daga wannan ƙarshe zuwa wancan, a juya shi ya dawo. Idan hagunsa ya karkata a zuwa da dawowa, haƙori ne ke buƙatar filaya. Idan kuwa gefen fili guda yake nufa a duka biyun, sai a sa takarda a ƙarƙashin ƙafar teburin.