Addu'ar da ke da ƙarfi: darasi daga coci-cocin Sabon Garin Kano

Tun wajen 1913, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano, Turawan mulki suka keɓe Sabon Gari domin baƙin da suka zo aiki da fatauci, akasarinsu daga Kudu. Da su coci ya kafu a unguwar. Yau a wannan yanki na Ƙaramar Hukumar Fagge akwai Katolika da Angilika da Baptis da ECWA da ɗimbin sababbin majami'u, ana sujada da Turanci da Ibo da Yarbanci da Hausa. Addu'a kam ba ta yi ƙaranci ba: ga ta asuba, ga ta kwanan coci, ga azumin farkon shekara, ga taron Zumuntar Mata. Abin tambaya shi ne, wacce ce ke da ƙarfi a gaban Allah?

Mutane da yawa sun ɗauka ƙarfin addu'a yana ga ɗaga murya da tsawon lokaci. Littafi Mai Tsarki, wanda cikakkiyar fassararsa ta Hausa ta fito a 1932 bayan doguwar wahalar Dakta Walter Miller da abokan aikinsa, ya koyar da akasin haka. A sura ta 6 ta Matiyu, Yesu ya gargaɗi almajiransa kan yin addu'a don idon jama'a da kuma tara kalmomi barkatai, sannan ya koya musu Addu'ar Ubangiji, wadda ba ta kai minti guda ba. Tsarinta shi ne darasin: girman Allah da nufinsa su ne farko, abincin yini da gafara da tsari daga mugunta suka biyo baya. Mai fara addu'a da jerin buƙatunsa ya juya tsarin ke nan.

Augustine, bishop ɗin Hippo da ke Aljeriya ta yau, ya yi wa wata gwauruwa mai suna Proba wannan bayani a wasiƙa wajen shekara ta 412. A ganinsa, ba don a sanar da Allah abin da bai sani ba ake roƙo, sai don zuciya ta faɗaɗa ta iya karɓar abin da zai bayar. Ya kuma yaba wa masu ibada na Masar da ke yin gajerun addu'o'i a kai a kai. Wannan shawara ta dace da mai shago a Kasuwar Abubakar Rimi ko ɗan dako a kasuwar Singa, wanda ba shi da sa'o'i uku na keɓewa amma yana iya tuna Allah tsakanin ciniki da ciniki.

Sharaɗi mafi nauyi shi ne sulhu. A sura ta 5 ta Matiyu an umarci mai kawo baiko ya ajiye shi ya je ya shirya da ɗan'uwansa tukuna, a kuma yi addu'a domin masu tsanantawa. A Sabon Gari wannan ba magana ce mai sauƙi ba. Unguwar ta ga rikicin 1953, ta ga na Oktoban 1991 kan zuwan mai wa'azi Reinhard Bonnke, ta ga bam a tashar motar New Road a Maris 2013 da a cocin St. Charles a Yulin 2014. Wanda ya binne nasa, ba a yi masa gaggawar yafiya. Zabura cike take da kukan waɗanda aka zalunta, don haka kai ƙara gun Allah halal ne. Amma addu'ar da ta koma kiran wuta a kan maƙiya dare da rana ta bar tafarkin Yesu, wanda ya roƙa wa masu gicciye shi gafara.

Annabi Irmiya ya umarci Yahudawan da ke baƙunci a Babila su roƙa wa birnin alheri, domin lafiyarsa ita ce tasu. Kirista a Kano ya kamata ya sa Fagge da Kantin Kwari da maƙwabcinsa Musulmi cikin addu'arsa. An ga amfanin irin wannan zuciya a Janairun 2012, lokacin zanga-zangar cire tallafin man fetur, da Kiristoci suka yi gadin Musulmi suna salla, Musulmi kuma suka ziyarci coci-coci don kwantar da hankali.

Daga nan sai aiki. Hausawa na cewa Allah ya ce tashi in taimake ka. Asibitin Ido na ECWA, wanda mishan ɗin SIM ta buɗe a 1943, shaida ne: masu roƙa wa makafi waraka su ne suka horar da ma'aikata suka riƙe wuƙar tiyata, ba su tambayi addinin majiyyaci ba. Haka nan mai roƙon albarkar kasuwa ya fara gyara mudunsa, ya biya yaran shagonsa haƙƙinsu, ya daina sayar da jabu.

Ina roƙon fastoci da dattawan ikilisiya su koya wa matasa wannan ma'auni. Kada a tambayi sa'a nawa aka kwana a coci. A tambayi ko wanda ya fito ya fi jiya gaskiya a ciniki da haƙuri da maƙwabci.