Wane Ne Zai Iya Karatun Haɗa Magani?

Mu da mu ke koyon aikin malanta kullum muna so mu gane tun da wuri wane yaro ne zai kai gaci. A Amurka ma an yi wannan tambaya game da masu koyon haɗa magani, musamman baƙar fata da sauran kabilu marasa rinjaye, waɗanda ba su da yawa cikin wannan sana'a. Karatun shekara huɗu ne, bayan mutum ya yi shekara biyu ko fi yana share fage.

Tun 1974 akwai jarrabawar shiga da a ke kira PCAT, amma an daina ta a 2024. Ashe akwai alamun da ba jarrabawar rana ɗaya ba. A 1995 Marie Chisholm da abokan aikinta a Jami'ar Jojiya suka bi sawun 'yan ajin farko, suka ga abu biyu ne suka fi nuna wanda zai yi kyau: makin da ya samu a lissafi da kimiyya kafin ya shigo, da kuma in ya riga ya gama digiri ɗaya.

To, a nan ne nauyin ya ke faɗa wa baƙar fata. Makarantun Amurka suna dogara ƙwarai da harajin gidajen unguwa, sabo da haka ɗan unguwar matalauta ya kan taso ba malamin kemistiri na kirki. Ba basira ya rasa ba, tushe ne.

Jami'ar Xavier ta birnin New Orleans, wadda ta buɗe sashen haɗa magani a 1927, ta gane wannan. Ta kan kira yaran sakandare lokacin hutu ta koya musu lissafi da kemistiri tun ba su shigo ba. Tana cikin waɗanda suka fi yaye baƙar fata masu haɗa magani a ƙasar.

Akwai kuma yadda a ke yin karatun. Wajen 1975 wani malamin lissafi a Berkeley, Uri Treisman, ya lura ɗalibai baƙaƙe kowa na karatu shi kaɗai, 'yan asalin Sin kuwa suna zama tare suna gyara wa juna kuskure. Da ya haɗa baƙaƙen ƙungiya ƙungiya ya ba su lissafi mai wuya, sai makinsu ya tashi. Wannan ya taɓa ni, gama ina firamare na kan rufe allona da hannu don kada na kusa da ni ya ga inda na ɓata.